Abin da Na'urar Wankin Ƙoda Ke Kwashewa Tare da Datti

Lafiyayyun ƙodoji sukan tace ruwan jini kimanin lita 180 kowace rana, sa'an nan su mayar wa jiki kusan dukkan abin da ke da amfani. Na'urar wankin ƙoda ba ta da wannan basira. Tamkar rariya take: ƙananan sinadaran da ke narkewa cikin ruwa wucewa suke yi, masu amfani da marasa amfani.

Saboda haka majinyacin da ya taso daga Gwandu ko Kalgo, ya kwanta awa 4 ana wanke masa jini a Birnin Kebbi ko Sakkwato, yakan bar bitamin C da dangin bitamin B, musamman B1 da B6 da folat, cikin ruwan da ake zubarwa. Sinadarin ƙarfe kuwa yana salwanta cikin ɗan jinin da ke maƙalewa a bututu, ƙarancin jini ya ƙara tsananta.

Cike wannan gurbi da abinci abu ne mai wuya, domin lemo da gwaiba da tumatir suna ɗauke da fotasiyam mai yawa, wanda in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Ƙwayoyin bitamin na kanti su ma haɗari ne, don bitamin A ba ya fita ta na'ura, taruwa yake yi. Shi ya sa likita ne ke zaɓen ƙwayar, kuma a ranar wanki, sai an gama ake shanta.