Idan sana'a ta cije a Dubai: Wa zai tambaye ka ina ka dosa?

Duk wanda ya san titin Muraƙƙabat da ke yankin Dera a birnin Dubai, ya san cewa ba ya cika ya batse sai rana ta faɗi. Bayan sallar isha'i, idan zafi ya ɗan lafa, za ka tarar da gidajen abinci da shagunan shayi sun cika maƙil, ga Indiyawa ga 'yan Filifin ga Misirawa, mu ma kuma ga mu nan a gefe, kowa da kofin shayin karak a hannu. A irin wannan majalisa ake jin labarin gida da farashin canji da wanda ya sauka da wanda ya tashi. To amma akwai maganar da ba mu cika furtawa ba, duk da cewa tana cin da yawanmu a rai, wato ta mutumin da ya shekara goma ko goma sha biyar a sana'a guda, ba ta ci gaba ba, ba ta kuma mutu murus ba balle ya haƙura ya bar ta.

Yadda aka zo nan

Idan dai ba a manta ba, a shekarun 2000 Dubai ce alƙiblar 'yan kasuwar Arewa. 'Yan Kantin Kwari da masu sayar da wayoyi da hajiyoyi masu harkar gwal da abaya da kayan lefe, duk nan suke sauka. Wannan ne ya samar da sana'ar da yawancinmu muka shigo ta cikinta: ka taro baƙo daga filin jirgi, ka sama masa masauki, ka kai shi shagunan Nayif da kasuwar Murshid da kasuwar gwal, ka yi masa tafinta, ka haɗa shi da 'yan kago, sannan ka karɓi la'adarka.

Sannu a hankali ƙasa ta riƙa zamewa. Manyan masu saro kaya suka gano hanyar Guangzhou a ƙasar Sin, inda ake ƙera kayan tun asali. Wayar hannu kuma ta sa ɗan kasuwa yana zaune a Kano zai ga hoton kaya ta WhatsApp, ya yi ciniki da mai shago kai-tsaye. A watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, kamfanin jiragen sama na Emirates shi ma ya daina zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale. Sai a ranar 15 ga Yulin 2024 Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, ya sanar da cewa an buɗe ƙofa, jiragen Emirates kuma suka koma Legas a ranar 1 ga Oktoban wannan shekara. Kafin nan kuwa, gwamnati ta saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Da yake Dirhami a ɗaure yake da Dala, duk kayan da ke Dera ya ninka wa mai Naira tsada.

'Yan uwanmu na Sabon Ibadan da Agege da zangon Kumasi da Maiwurno ta Sudan na iya cewa ai zaman baƙunta kowa ya san shi. Akwai bambanci. A can kakanni sun sayi fili sun gina gida, an naɗa sarkin Hausawa, jikoki sun zama 'yan gari. A nan kuwa yawancinmu takardar zama muke sabuntawa duk bayan shekara biyu, kuma a rataye take da wurin aiki ko lasisin kasuwanci. Ranar da ta faɗi, sai haɗa kaya. Shi ya sa mutum ke maƙale wa abin da ya riga ya gundure shi, gaba tsini baya siyaki, ga shi a gida ana yi masa kallon Alhajin Dubai, kunya ba za ta bar shi ya ce ya gaji ba.

Mene ne aikin kocin sana'a?

Kalmar koci mun san ta a filin ƙwallo, kuma daga fagen wasa wannan sana'a ta samo tushe. Wani Ba'amurke mai koyar da wasan tanis, Timothy Gallwey, ya fitar da littafi a 1974 inda ya nuna cewa yawan umarni na dagula ɗan wasa, ya fi gyaruwa idan aka sa shi ya lura da abin da yake yi da kansa. Wani Baturen Ingila, John Whitmore, wanda tsohon ɗan tseren mota ne, ya ɗauko wannan tunani ya kai shi ofisoshi da kamfanoni a littafinsa na 1992. A 1995 kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, wato ICF, a Amurka.

Aikin kocin sana'a shi ne ya zauna da kai na wajen awa guda, duk mako ko mako biyu, yana yi maka tambayoyi har ka ji amsa ta fito daga bakinka. Tsarin da Whitmore ya yayata yana da matakai huɗu: ina kake son zuwa, a ina kake a halin yanzu, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, sannan wanne za ka ɗauka kuma a wace rana. A zama na gaba, tambayar farko ita ce ko ka yi abin da ka ce za ka yi.

Mu ƙaddara wani ɗan uwa ne mai aiki a kamfanin kago, shekararsa goma a kan teburi ɗaya. Idan aka tambaye shi abin da yake so, zai ce buɗi kawai. Koci ba zai bar shi a nan ba, zai nemi ya fayyace: buɗin nan shago ne a Kano, ko ƙarin matsayi a nan, ko dai 'ya'yansa yake so su tashi a gabansa? Idan aka zo kan halin da yake ciki, sai a ɗauko biro da takarda. Dokar ƙwadago ta ƙasar, wadda ta fara aiki a ranar 2 ga Fabrairun 2022, ta tanadi kuɗin sallama na albashin kwana 21 a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da na kwana 30 a kan kowace shekara bayan nan, kuma da tsagwaron albashi ake lissafi ban da alawus. Idan tsagwaron albashinsa Dirhami 3,000 ne, shekara goma za ta ba shi 25,500. Wani zai ga kuɗin sun fi yadda ya zata, wani kuma ya ga ashe ba su kai jarin da ya ɗora wa rai ba. Ko ma wanne ne, ya daina tafiya a cikin duhu.

Daga nan sai a lissafa abin da ke hannunsa wanda bai ɗauke shi a bakin komai ba. Yana jin Larabci da Turanci da ɗan Indiyanci na kasuwa. Ya san yadda ake cike takardun kwastan da auna kaya da lissafin kuɗin jirgi da na ruwa. Yana da lambobin 'yan kasuwa masu yawa da suka yarda da amanarsa. Wannan duk jari ne, ko a nan ko a gida. Dokar ta kuma buɗe ƙofar aikin wucin gadi da izinin aiki da kai, ga inshorar rasa aiki da aka fara a Janairun 2023, wadda mai ƙaramin albashi ke biyan Dirhami 5 a wata, ta kuma biya shi kashi 60 cikin ɗari na tsagwaron albashinsa har tsawon wata uku idan ya cika sharuɗɗa. Mutum nawa ne a majalisarmu suka zauna suka karanta waɗannan?

Abin da muke da shi tun kaka da kakanni

Ba yau Bahaushe ya fara samun mai ɗora shi a hanya ba. Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabon Ibadan, ya bayyana yadda maigida ke sauke fatake, ya kuma riƙe yara da dillalai a harkar shanu da goro har wasunsu su kai ga tsayawa da ƙafafunsu. Sauya sana'a ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fataucin goron Gwanja ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano harkar gyaɗa ta buɗe daga 1912, sai ya juya akalarsa can, kuma a nan sunansa ya fito har ya rasu a 1955. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Sai dai maigida umarni yake bayarwa, kuma yana da nasa buƙatun a cikin harkar. Ba kowane ubangida ne zai so yaronsa mai amana ya kama gabansa ba. Ban da haka, mutumin da ya haura shekara arba'in, furfura ta fara tsiro masa, ya wuce a ce masa yi kaza bar kaza, ga shi kuma sana'ar da manyan suka ƙware a kai ita ce ke dusashewa. Abin da ya rage masa shi ne wanda zai saurare shi ba tare da yana neman riba a jikinsa ba, ya riƙe sirrinsa, ya kuma dawo ya binciki alƙawarin da ya ɗaukar wa kansa.

A yi hattara

Dole mu ja kunnen juna, domin kowa na iya buga kati ya kira kansa koci. Dubai cike take da masu tallar sauya rayuwa cikin kwana bakwai. Duk wanda ya yi maka alƙawarin biza ko aiki ko ninka kuɗi, ko ya ce sai ka kawo wasu mutane kafin ka ci riba, to ka kama kanka. Ƙaramar shaidar ƙungiyar ICF sai mutum ya yi aƙalla awa 60 na karatu da awa 100 na zama da mutane, don haka ba laifi ba ne ka nemi ganin takarda, ka kuma yi zaman gwaji kafin ka biya kuɗin wata da watanni. Haka nan koci ba likita ba ne. Wanda barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya fara jin rayuwa ba ta da amfani, asibiti ya kamata a raka shi. Kuma babu kocin da zai sauko da Dala ko ya sassauta sharuɗɗan biza.

Mun san da yawanmu ba za su iya biyan ƙwararre ba. To amma tambayoyin nan huɗu ba na sayarwa ba ne. Mutum biyu da suka amince da juna na iya ware awa guda duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a ajiye waya, ɗaya ya yi tambaya ya kame bakinsa daga ba da shawara, ɗaya ya amsa, a rubuta abu guda da za a yi kafin wata Juma'ar. Ko da zuwa tambayar kuɗin lasisi ne, ko kiran maiɗaki a gaya mata gaskiyar halin da ake ciki. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, to wanda ake yi wa tambayar ma yakan gane hanya.

Ku kuma da ke gida da sauran zangon-zangon, idan kun kira ɗan uwanku na Dubai, kafin ku tambaye shi yaushe saƙo zai iso, ku tambaye shi yaya aikin, kuma ina yake so ya ga kansa nan da shekara biyu. Ƙila ya yi shiru na ɗan lokaci, domin an daɗe ba a yi masa irin wannan tambaya ba. Ku jira shi ya amsa. Allah Ya buɗa mana ta hanyar halal, Ya mayar da kowa gida da mutuncinsa.