Idan rauni ya raba ɗan wasa da fili, wa ke ɗaukar nauyinsa?

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Hausa, sai kalangu ya fara kiran maza zuwa fili. Haka al'adar take tun kaka da kakanni a yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, duk da cewa matsalar tsaro ta shekarun nan ta rage tarukan dare da yawo tsakanin garuruwa. A gefe guda kuma dambe ya shiga birni ya zauna. Akwai gidajen wasa na dindindin a Kano da Dei-Dei ta Abuja da Maraba a Jihar Nasarawa, ana karɓar kuɗin ƙofa, ana ɗora bidiyo a YouTube da Facebook, ana kuma sa gasar babur da ta mota. Wasan da a da ake yi don neman suna ya koma sana'ar da ake ci da iyali da ita.

Sai dai akwai tambayar da sana'ar ba ta amsa ba har yanzu: ranar da rauni ya hana ɗan wasa sake ɗaura zare, wa zai ɗauki nauyinsa?

Ɗan dambe ba shi da albashi. Abin da yake samu yana fitowa ne daga kasonsa na kuɗin ƙofa, da liƙin 'yan kallo idan ya yi kisa, da kyautar ubangida, sai kuma abin da aka sa idan gasa ce. Duk waɗannan a rataye suke da abu guda, wato ya shiga fili. Ga shi kuwa hannun da aka naɗe da zare tauri gare shi kamar dutse, babu abin kare kai, babu abin kare baki. Karayar muƙamuƙi da zubar haƙora da lalacewar ido ba baƙin abubuwa ba ne a wannan fage. Mafi muni shi ne raunin da ba a gani, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa turmi bayan turmi, sai bayan shekaru ya bayyana a matsayin mantuwa ko rawar jiki ko nauyin harshe.

Idan karaya ce, maɗori ake fara nema. In abin ya fi ƙarfinsa, sai a nufi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da kuɗin aljihu da ɗan karo-karon 'yan ɓangarensa. Bayan nan sai ya koma gida, inda sana'o'in da ke jiransa, noma a fadamun Gummi ko haƙar zinare a ramukan Anka da Bukkuyum ko fawa, duk ƙarfin jiki suke nema. Waƙoƙin Ɗan Anace sun sa har gobe ana ambaton Shago, amma kirari ba ya biyan kuɗin magani.

Akwai wata gasa a can nesa da ta zauna ta rubuta amsar wannan tambaya dalla-dalla, kuma amsar ta haifar da wani irin ciniki da zai ba kowane ɗan kasuwa mamaki.

Ƙwallon gora na kan ƙanƙara

Gasar NHL ita ce babbar gasar ƙwallon gora na kan ƙanƙara a duniya, tana da kulob 32, bakwai a Kanada, 25 a Amurka. 'Yan wasa suna sulɓi ne a kan daskararren ruwa da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna bugun wani faifan roba mai tauri da sanda, kuma doka ta yarda su bangaji juna da ƙarfi. Wasan ba bare ba ne gare mu gaba ɗaya: Rumun Ndur, ɗan asalin Najeriya na farko da aka haifa a ƙasar nan ya kuma buga gasar, a Zariya aka haife shi a 1975 kafin ya tashi a Kanada.

Ginshiƙin farko a tsarinsu shi ne cewa kwantiragi tabbatacce ne. Idan kulob ya ɗauki ɗan wasa na shekara bakwai, ya ji rauni a fili a shekarar farko, dole a ci gaba da biyansa har kwantiragin ya ƙare, ko da ba zai sake sa takalmin wasa ba. Ga manyan kwantiragi akwai inshora, wadda yawanci take mayar wa kulob kashi 80 cikin 100 na albashin bayan ɗan wasan ya rasa wasanni 30.

Ginshiƙi na biyu shi ne iyakar albashi. Bayan rikicin da ya sa aka soke kakar 2004 zuwa 2005 baki ɗayanta, an ƙayyade jimillar kuɗin da kowane kulob zai iya kashewa wajen biyan 'yan wasansa a shekara, don kada masu hannu da shuni su kwashe gwanaye duka. An fara da dala miliyan 39 a 2005, a kakar 2025 zuwa 2026 kuwa ta kai dala miliyan 95.5. Akwai kuma iyakar ƙasa, wato mafi ƙarancin abin da dole kulob ya kashe, don kada wani mai kulob ya riƙa tsumulmula. Abin lura shi ne ba kuɗin da aka biya a hannu ake ƙirgawa ba. Ana raba jimillar kwantiragin ne da yawan shekarunsa, sai a rubuta wannan matsakaicin a littafi kowace shekara.

To, idan aka haɗa ginshiƙan biyu sai matsala ta taso. Gwarzon da ke cin kashi ɗaya cikin goma na kasafin kulob ya kwanta, ba a isa a kore shi ba, kuma babu sarari a ƙarƙashin iyaka da za a ɗauko madadinsa. Mafitar da aka samar ita ce jerin masu doguwar jinya. Idan likitoci suka tabbatar ɗan wasa zai rasa aƙalla wasanni 10 da kwana 24, ana iya sa shi a jerin. Mutane da yawa suna ɗauka cewa daga nan an goge albashinsa daga lissafi, alhali ba haka ba ne. Albashin yana nan a rubuce, izini kawai ake ba kulob ya haura iyaka. Misali, idan iyaka dala miliyan 95 ce, kulob ya riga ya cike ta, sai mai albashin miliyan 8 ya kwanta jinyar da ba zai dawo ba a wannan kakar, kulob zai iya kashewa har miliyan 103. Amma idan dama miliyan 90 yake kashewa, sai an fara cire sararin miliyan 5 da yake da shi, haurawarsa ba za ta wuce miliyan 3 ba. Wato wanda ya fi kusa da iyaka shi ya fi cin moriyar dokar.

Sayen ma'aikacin da ba zai zo aiki ba

A nan ne cinikin ya samo asali. A watan Oktoban 2011 sanda ta sami Chris Pronger, kyaftin ɗin Philadelphia Flyers, a ido, kuma daga Nuwamban shekarar bai sake buga wasa ba saboda matsalar girgizar ƙwaƙwalwa. Bai yi ritaya ba, domin da ya yi da ya bar ragowar kuɗinsa, kuma saboda shekarun da yake da su lokacin da kwantiragin ya fara aiki, ritayar ba za ta sauke wa kulob nauyin lissafin ba. A littafi ana rubuta masa kusan dala miliyan 4.9 a shekara, amma an tsara biyan ne yadda mafi yawan kuɗin ya fita a shekarun farko, abin da ya rage a shekaru biyun ƙarshe bai kai dala 600,000 a shekara ba. A 2015 sai Arizona Coyotes, kulob mai ƙaramin ƙarfi da ke neman cika iyakar ƙasa, ya karɓi kwantiragin. A takarda ya kashe kusan miliyan biyar, a aljihu kuwa ɗan abin da ya fita kaɗan ne. A wannan shekarar aka sa Pronger cikin zauren karrama gwarazan wasan, yana kuma aiki a ofishin gasar, alhali sunansa yana cikin jerin 'yan wasan kulob ɗin da bai taɓa buga wa ko minti ɗaya ba. A wajenmu wannan ma'aikacin bogi za a kira shi, sai dai nasu a fili yake, doka ce ta tanade shi.

Labarin Nathan Horton ya nuna ɗaya fuskar. Columbus Blue Jackets ya ɗauke shi a 2013 a kan dala miliyan 37.1 na shekara bakwai, wasa 36 kacal ya buga ciwon baya ya tsayar da shi, kwantiragin kuma ba shi da inshora. Columbus ba zai iya jure biyan wanda ba ya wasa ba. Toronto Maple Leafs kuwa kuɗi ba matsalarsa ba ce, sarari a ƙarƙashin iyaka yake nema. A Fabrairun 2015 suka yi musaya: Toronto ya karɓi Horton ya sa shi a jerin masu jinya, ya miƙa David Clarkson, wanda ke cin albashi kusan ɗaya amma aƙalla yana iya shiga fili. Tun daga lokacin an sha yin irin wannan, kamar yadda kwantiragin Marian Hossa da na Shea Weber suka sauya hannu bayan masu su sun daina wasa.

An kuma samu masu amfani da dokar ta wata hanya. Da yake albashi na wasannin kaka ne kawai, a da ba a ƙirga iyaka a zagayen neman Kofin Stanley. A 2021 Nikita Kucherov na Tampa Bay Lightning, mai albashin dala miliyan 9.5, ya shafe kakar yana jinyar tiyatar ƙugu, kulob ɗin ya cike gurbinsa da wasu, sai ya dawo ranar da aka fara zagayen neman kofi. Suka ɗauki kofin da tawagar da albashinta ya haura iyaka da kusan dala miliyan 18. Ba a karya doka ba, amma ƙorafi ya yi yawa, har a yarjejeniyar 2025 tsakanin hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa aka toshe ƙofar, aka ce dole tawagar da za a fitar a wasannin neman kofi ita ma ta tsaya cikin iyaka.

Kada a ɗauka tsarin ya share wa kowa hawaye. Kwantiragi yana ƙarewa, ciwon ƙwaƙwalwa kuwa ba ya ƙarewa. Tsoffin 'yan wasa sama da 300 da suka kai gasar ƙara kan wannan matsala sun sasanta a 2018 a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 19 ba gaba ɗaya, kimanin dala 22,000 ga kowane mutum, kuma gasar ba ta amsa laifi ba. A ganina duk da haka, bambancin da ke tsakanin Pronger da ɗan damben Bukkuyum bai tsaya ga yawan kuɗi ba. An rubuta wanda zai biya tun kafin a ji raunin, kuma 'yan wasan suna da ƙungiyar da ta tsaya aka rubuta.

Najeriya ba ta rasa doka a kan wannan ba. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Wanda rauni a bakin aiki ya nakasa shi baki ɗaya yana da haƙƙin karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Ɗan ƙwallon ƙafa mai kwantiragi a rubuce yana da madafa a nan, ko da yake a gasar cikin gida, inda gwamnatocin jihohi ke riƙe da mafi yawan kulob-kulob, ƙorafin bashin albashi tsohon zance ne. Ɗan dambe kuwa ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da albashin da za a cire wa kaso, saboda haka babu wanda za a nuna a ce shi ne mai ɗaukarsa aiki.

Gyaran bai buƙaci miliyoyin daloli ba. Masu gidajen dambe za su iya ware wani kaso daga kuɗin ƙofa na kowace rana a matsayin asusun jinya, irin yadda ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa ke tara kuɗi don taimakon wanda masifa ta afka wa. Kamfanonin da yanzu ke shirya gasa suna sayar da bidiyonta ga duniya sun fi kowa damar farawa, domin su ne ke ƙulla yarjejeniya da 'yan wasa. Abu uku ya kamata a gani a cikinta: wa zai biya kuɗin asibiti, tsawon wane lokaci za a ci gaba da ba ɗan wasan wani abu yana jinya, da kuma kwana nawa wanda aka sumar zai huta kafin likita ya yarda ya sake ɗaura zare.