Asalin Sunan Yola Da Tarihin Malamin Da Ya Kafa Ta

Baƙon da ya sauka a filin jirgin saman babban birnin Jihar Adamawa yakan ce ya iso Yola, alhali kuwa a Jimeta yake. Ainihin Yola tana can kudu, inda fadar Lamiɗo take.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Fulatanci "yoolde", wato tudu ko jigawa. Wanda ya zaɓi wannan tudu shi ne Modibbo Adama, malamin da ya yi karatu a Borno, ya kuma karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo domin ya jagoranci ƙasar Fombina, ma'ana kudu. Sunansa ne ya haifar da "Adamawa".

Modibbo Adama bai fara zama a Yola ba. Daga Gurin ya koma Ribadu, sannan Njoboliyo, kafin ya kafa Yola a shekarar 1841, a wuri mai tudu da ke kallon fadamar kogin Binuwai. Bayan rasuwarsa ɗansa Lawal ya gaje shi, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya ziyarci garin a 1851.

Jimeta kuwa kogi ne ya raya ta. Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a 1901, lokacin Lamiɗo Zubairu, harkokin mulki da ciniki sun karkata zuwa bakin ruwa, inda jirage ke tsayawa. Sannu a hankali ƙanwa ta fi yayarta girma, musamman bayan da birnin ya zama hedikwatar Jihar Gongola a 1976, sannan ta Adamawa a 1991. A yau Jimeta ce Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tsohon garin kuma yana cikin Yola ta Kudu.

Sunayen unguwanni ma suna ɗauke da tarihi. Wuro Hausa na nufin mazaunin Hausawa. Rumde ita ce abin da Bahaushe ke kira rinji, wato ƙauyen bayi masu noma. Luggere kuwa kwari ne, kishiyar tudu.

Wannan ba zancen harshe kaɗai ba ne. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye sun san inda ruwa ke kwanciya da inda ba ya kaiwa. Ambaliyar 2012 da ta 2022, wadda sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ƙarfi, ta nuna wa mazauna gaɓar Binuwai muhimmancin wannan sani. Don haka mai neman fili a unguwannin da ke ta faɗaɗa, yana da kyau ya tambayi dattawa ma'anar sunan wurin kafin ya aza tubali.