Injin mota mai hanyar numfashi biyu

Injin mota da iska yake rayuwa. Kafin ya ƙone kilo guda na mai, sai ya shaƙi kusan kilo 15 na iska. Wannan iska tana bi ta wasu bututu, kowane bututu da silindarsa, kuma a bakin kowace silinda akwai ƙofa mai buɗewa da rufewa sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

In ƙofar ta rufe, iskar da ke tafe da gudu sai ta yi karo da ita, ta matsu. Matsin ya koma baya cikin bututu, sannan ya sake dawowa, yana tafiya da saurin sauti, wato kimanin mita 340 a daƙiƙa. In ya iske ƙofa a buɗe, sai ya cusa ƙarin iska cikin silinda, inji ya samu ƙarfi. In ya iske ta a rufe, an yi asararsa.

Tsawon bututu shi ke yanke lokacin dawowar. Mai karatu ya san kakaki dogo ne, muryarsa mai kauri. Sarewa gajera ce, muryarta siririya. Haka bututun inji yake. Dogo ya dace da inji mai juyawa sannu, kamar wajen tashi da kaya ko ratsa rairayi. Gajere ya dace da inji mai juyawa da sauri, bisa kwalta. A dā sai maƙera su zaɓi tsawo guda, su haƙura da ɗayan.

Dabarar da aka samu ita ce a ba iska hanya biyu, a sa ɗan murfi tsakaninsu. Kwamfutar mota tana lura da juyin inji: yana sannu, murfi a rufe, iska ta zagaya ta doguwar hanya, ya kai wani mizani, murfi ya buɗe, ta bi gajera. Kamfanin Toyota ya fara sa irin wannan murfi cikin shekarun 1980. A 1991 motar Mazda 787B ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, da bututu masu miƙewa da janyewa gwargwadon gudun inji.

Da yawa cikin motocin hannu da ake shigowa da su ƙasarmu suna da wannan tsari, ga kuma ƙura, musamman lokacin hunturu. Datti kan sa murfin ya kafe. In ya kafe a buɗe, mota ta yi nauyin tashi. In a rufe ne, ta kasa sakin gudu. Sau da yawa ana ɗora laifin bisa mai, a yi ta kashe kuɗi a banza.

Saboda haka muna jan hankalin direbobi da masu kula da motocin gwamnati: a riƙa canja matatar iska kan lokaci, kada a cire ta. In murfi ya lalace, a gyara shi. Ɗaure shi da waya raba inji ne da rabin numfashinsa.