Harajin Gidan da Ba Kowa: Wa Ke da Hurumi a Jalingo?

Gida a kulle, kwaɗo ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe ƙofa, alhali masu neman haya na ta yawo daga unguwar Magami zuwa Mayo Gwoi. Shin za a iya ɗora wa mai shi haraji?

Birnin Vancouver na Kanada ya fara haka a 2017, da kashi 1 cikin 100 na darajar gida, daga baya ya kai kashi 3. A nan kuwa, Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon ƙiyasta gidaje don haraji, amma Majalisar Dokokin Taraba ce ke da hurumin tsara shi.

Yanka harajin ba wuya. Gano mai gidan ne aiki, don filaye da yawa takardar ciniki kawai gare su, babu shaidar mallaka daga gwamna wadda Dokar Filaye ta 1978 ta tanada.