Fili Ɗaya, Ga Kokawa Ga Ƙwallo

Duk wanda ya taɓa halartar bikin Uhola a Zuru ya ga yadda fili ɗaya ke ɗaukar hidimomi da yawa. Bayan amfanin gona ya shigo gida, 'yan kokawar Dakarkari su fito su gwada ƙwanji, masu rawa su biyo baya, 'yan kasuwa su baza kolinsu a gefe. Wannan tsari da ƙasar Zuru ta gada tun kaka da kakanni, irinsa masu zana filayen wasanni na zamani suka koma bi.

Dalilin kuwa kuɗi ne. Filin da ba a buɗe shi sai ranar ƙwallo ci kawai yake yi: ciyawa na son ruwa, janareta na son mai, masu gadi na jiran albashi. Shi ya sa filin Tottenham da aka buɗe a Landan a 2019 aka yi shi yadda ciyawar za ta zame ta shige ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, a samu wurin dambe, kiɗa da ƙwallon Amurka.

A Nijeriya gwamnati ce ke ginawa, amma wajen kulawa ake barin baya da ƙura. Babban filin Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, ciyawarsa ta lalace har sai da Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyaranta a 2020. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya karɓi gasannin matasa na duniya a 1999 da 2009, amma magoya bayan Kano Pillars ne ke raya shi. Na Haliru Abdu a Birnin Kebbi kuwa, ban da ƙwallo, tarukan gwamnati da na siyasa yake ɗauka.

Gari kamar Zuru ba ya buƙatar ciyawa mai tafiya. Da'irar yashi domin kokawa, hanyar tsere, rumfar da za ta kare dattawa daga rana, da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana sun wadatar. Idan aka jera shaguna a jikin katanga, kuɗin hayarsu da na ƙofa su shiga asusun gyara, to fashewar famfo ko yagewar raga ba za su jira kasafin kuɗin baɗi daga Birnin Kebbi ba.