Abin wuya mai GPS ko katanga: me zai tsare karen farauta a gida?

A nan Amurka ana ta tallar abin wuya mai GPS, irin su Halo da SpotOn. Ka zana iyaka a wayarka, kare na kusantowa sai ya ji ƙara ko ɗan jan lantarki. Amma GPS kan kauce da mita 3 zuwa 5, musamman ƙarƙashin bishiyoyi. A ƙaramin fili, mita 5 ai kare ya kai titi. Karen farauta kuwa, in ya shinshino zomo, lantarki ba ya tsayar da shi.

Ni dai shawarata: katanga mai tsayin mita 1.8, a binne ragar ƙarfe a gindinta saboda haƙa. GPS ɗin ya zama na nemansa in ya fice. AirTag fa? Bluetooth ne, in babu iPhone kusa sai haƙuri.